Wasiƙar Malam Maiwada Zuwa ga W.R.T.

Duk wanda ya zauna a Minna shekarun da jirgin ƙasa ya fara ja da baya, in dai ya taɓa bi ta gindin mangwaron nan na kusa da kotu, ya ga Malam Maiwada Akawu ko bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai tabarau ɗaure da zare, zaune gaban tafireta yana buga wa mutane wasiƙu da takardun koke. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana akawun kaya a tashar jirgi kafin ya yi ritaya. Hannun rubutu kam Allah ya ba shi, wannan ko maƙiyinsa ba zai ƙwace masa ba. Bakinsa ne ya ɓata shi.

Kai, mutumin nan da cika baki! A faɗarsa, babu wasu haruffa da Bature ya taɓa gutsurewa ya yi musu ɗigo-ɗigo da shi Maiwada bai san uwarsu da ubansu ba. Ya ce zamanin da yake aiki, in takarda ta gagari manya a Legas, jirgi ake ɗora ta a kawo masa Minna ya warware. Mutanen Kwangila, unguwarsu, sun ji wannan labari har sun haddace, in ya fara sai su riƙa ƙarasa masa.

'Yarsa Barira ce ta fara shiga jami'a a duk zuriyarsu, sabuwar jami'ar nan ta Bosso, a shekarar 1987. Tana tsakiyar zangon karatu taifot ya kwantar da ita mako uku cur. Ta tashi ƙafa na rawa, sai ga jarrabawar wani lissafi da ake kira kalkulas ranar Litinin, kuma wanda ya faɗi a cikinta sai ya maimaita shekarar gaba ɗaya. Ƙawarta Magdalene, 'yar maƙwabcinsu Irimiya, ita ta tausaya mata. Ta ba ta aron littafin da ta rubuta duk darussan a ciki, ta ce za ta Beji biki, ran Lahadi da la'asar za ta biyo ta karɓa ta wuce makaranta, don ita ma da shi za ta yi bita. Barira ta samo takardar buhun siminti ta yi wa littafin riga don kada ya yi datti.

Ran Juma'a da yamma tana zaune a tsakar gida tana fama, sai ta ci karo da wasu haruffa uku: w.r.t. Ta wuce, ta sake samunsu a shafi na gaba. Ta wuce, ga su kuma. Ko'ina malamin ya ba da aiki sai ya sa su a tsakiyar jimla, ita kuwa ranar da aka yi bayaninsu tana kwance ana ƙara mata ruwa. Ta ce wa uwarta Kyauta gobe in an gama yi mata allurar ƙarshe za ta leƙa Tunga wurin wata 'yar ajinsu ta tambaya.

Maiwada na alwala ya ji. Ko ƙafa bai gama wankewa ba ya taso. Ya ce a gidan nan, gidan Maiwada Akawu, za a fita da haruffa uku a kai wa wata yarinya a Tunga? Me mutane za su ce? Ya karɓi littafin, ya gyara tabarau, ya duba.

To, tsakani da Allah bai taɓa ganinsu ba. Amma baki ya riga ya yi gaba, kuma ga matarsa tsaye da ludayi tana kallonsa. Sai ya yi gyaran murya ya shiga bayani. Ya ce a ƙa'idar takarda, haruffa uku masu ɗigo abu biyu ne kawai, ko sunan tasha ko sunan jami'in da za a tura wa magana. Tashoshi kuwa ya san su daga Legas har Nguru, babu mai wannan suna. Saboda haka mutum ne. Duk inda malamin ya kawo tambaya ya sa w.r.t., nufinsa a tura wa W.R.T. ya ba da amsa. Ya lashi yatsa ya bi shafukan yana ƙirgawa, ya samu sau arba'in da uku, ya kaɗa kai ya ce lallai wannan babban mutum ne.

Barira ta ce a hankali, "Baba, lissafi ne fa, ba takardar kaya ba."

"Lissafin da na yi shekara talatin da ɗaya ina yi? Ko buhun gyaɗa ɗaya bai taɓa ɓace mini ba. Ki bar mini wannan."

Ba ta ja ba, ta ɗauka maganar za ta mutu a nan kamar sauran. Ina! Washegari Asabar, Kyauta na fita da ita zuwa asibiti, gogan ya zari littafin daga ƙarƙashin matashi ya cusa a aljihun babbar riga ya nufi gindin mangwaro.

Irimiya ya riga shi zuwa, yana zaune a kan benci yana cin gyaɗa. Shi ma tsohon ma'aikacin jirgi ne, mai zuba kwal a tukunyar inji, ya koma gonarsa ta doya bayan ritaya. Shekara arba'in suna maƙwabtaka da Maiwada, shekara arba'in suna tsokanar juna. Da ya ga littafi da rigar buhun siminti bai kawo komai a ransa ba, tunda Maiwada ya ce na 'yarsa ne. Da ya ji wasiƙa za a buga wa W.R.T., sai ya tambaya wane ne wannan W.R.T. ɗin.

Maiwada ya ce af, ai tsohon abokinsa ne. Bature ne dogo mai lofe, sun sha shayi tare ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Shi kansa bai san lokacin da wannan ƙarya ta fito ba, amma da ta fito sai ya ji ta yi masa daɗi, har ya ƙara wa Baturen gashin baki.

Irimiya ya ce duk Turawan da suka yi aiki a layin nan babu wanda bai ƙona wa kwal ba, bai san wannan ba.

"Kai da kake gindin wuta cikin hayaƙi, ina za ka ga manya?" in ji Maiwada.

Jama'a suka fara taruwa. Maiwada ya zura takarda a tafireta ya shiga bugu kamar ana ɓarin ƙanƙara a kan kwano. Da ya gama ya ce a ƙa'idar ofis, wasiƙa ba ta tafiya sai da ainihin takardar da ake magana a kai. Ya haɗa wasiƙar da littafin, ya naɗe da takarda mai kauri. Irimiya, don ya ga ƙarshen wauta, shi ya ba da igiya, shi kuma ya danna yatsa a kan ƙullin ana ɗaurewa, yana ƙunshe dariya har hawaye na zubo masa. Maiwada ya fito da jan kaki irin na hatimi da yake ɓoyo tun zamanin aiki, ya narka, ya ɗiga a kusurwa huɗu, ya danna maɓallin tsohuwar rigarsa ta aiki a kai. Sannan ya rubuta da manyan baƙi, da Turanci da Hausa: Zuwa ga W.R.T., hannu da hannu. Wanda ba shi ba ne ya miƙa gaba. Wanda ya buɗe, doka za ta hau kansa. A ƙasa bai sa sunansa ba, ya ce manya ba sa rubuta suna. Ya sa T.A.K., wato tsohon akawun kaya.

Saura adireshi, nan kuma ya fara kame-kame. Sai ga Ndayako, wani Banufe direban motar doya, ya zo a buga masa takarda. Ya leƙa ƙunshin ya ce shi dai a wajen Kuta, inda ake aikin dam, ya ga injiniyoyi na rubuta irin waɗannan haruffa a jikin kowace ganga da kowace ƙofa. Ko waɗannan ɗin ne ko wasu, bai riƙe ba. Maiwada ya buga cinya ya ce ai shi ya faɗa, an yi wa abokin nasa canjin wurin aiki zuwa dam. Ya danƙa wa Ndayako ƙunshin, ya ce ya dawo da amsa kafin magariba. Wani dattijo ya ce to in ba a same shi ba fa? Maiwada ya ce takarda mai hatimi ba ta ɓata, a tasha haka suke yi, wannan ya miƙa wa wancan har ta je ga mai ita. Ndayako ya ja mota ya tafi.

Da hantsi ya koma gida yana tafe yana baza riga, Irimiya na biye da shi don bai gaji da dariya ba. Suka tarar an birkice ɗaki, an fito da katifa tsakar gida, Barira na zazzage jaka. Maiwada ya ce a daina wahala, littafi na hanyar Kuta, amsoshi na nan tafe daga hannun mai su.

Kyauta ta wanke shi tas. Ta fara daga ranar da ya gyara musu rediyo ya ƙone, ta bi ta kan ranar da ya fassara mata takardar magani ta kwana tana amai, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Wannan bai dame shi ba, ya saba. Barira ce ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a bakin katifar, hawaye na zuba, ta dube shi.

"Baba, littafin Magdalene ne. Ni in na faɗi, ciwo ne ya kayar da ni. Ita fa, me ta yi?"

Wallahi maganar nan ta soke shi, ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Ya waiga, ya ga Irimiya tsaye a bakin zaure, dariyar ta bushe a fuskarsa, yana kallon yatsan da ya danna ƙullin da shi.

Babu jirgi zuwa Kuta, motocin safe kuma sun tashi. Irimiya ya fito da tsohon babur ɗinsa na zuwa gona, Maiwada ya ɗare baya. Da sun bi titi da sun isa kafin azahar. Amma suna wuce gari Maiwada ya ce ya san wata hanyar yanke da masu safiyo, wato masu auna ƙasa, suka nuna masa, za ta rage musu rabin tafiya. Irimiya ya ƙi, ya ƙi, har ya gaji ya karkata. Hanyar ta yi ta ƙanƙancewa har ta zama ta ƙafa, ta ƙafar ta kai su bakin rafi, ga shi ƙarshen damina. Maiwada ya duba ya ce ruwan bai wuce idon sawu ba, ya san rafin nan. Ruwan ya kai musu ƙugu. Babur ya sha ya ƙoshi ya mutu.

Suka jawo shi tudu. Maiwada ya ce a ba shi wuri, inji duk inji ne, wanda ya san na jirgi ba zai rasa na babur ba. Ya kwance wani abu ya hura, ya kwance wani ya girgiza, ya mayar, aka samu ƙusa biyu sun yi saura ba a san mazauninsu ba. Da aka tura babur ɗin ya yi tari ya tashi, murna ta sa ya yi tsalle ya hau, gefen babbar rigarsa ya shige cikin sarƙa. Ji kake ɓaaar, riga ta rabu tun daga ƙasa har hammata, babur ya sake mutuwa, wannan karon bai ƙara ko tari ba. Wasu mata masu ɗauke da itace a kafaɗa suka tsaya suna kallo, ɗaya ta tambayi Irimiya da yarensu ko mahaukaci yake kaiwa magani. Maiwada ya nemi a fassara masa, Irimiya ya ce gaishe shi take yi.

Sai bayan la'asar suka shiga Kuta suna tura babur, taɓo har gwiwa, Maiwada da rabin riga. Ranar ta zo daidai da cin kasuwa, amma kasuwar wani iri. Ga tulin doya babu masu ita, ga teburin mahauci ƙudaje kawai ke ciniki. Can suka jiyo mai shela yana kaɗa ƙarfe yana cewa duk mai suna Dabliyu Ar Ti, ko wanda ya san shi, ko danginsa, ya zo wurin sarkin tasha ya karɓi sammacinsa.

Suka samu Ndayako yana lodi, ya ba su labari. Ya ce ya kai ƙunshin ƙofar masu aikin dam, mai gadi na ganin jan hatimi ya ja da baya, ya ce babu mai wannan suna kuma shi ba ya taɓa takardar kotu. Tunda an rubuta a miƙa gaba, sai ya miƙa wa mai shayin tasha. Mai shayi ya ji an karanta masa cewa doka za ta hau kan mutum, ya miƙa wa mai faci. Mai faci ya miƙa wa mai awon hatsi, mai awo ya aje a kan buhun wata mata ya ce ba shi ya aje ba. Kafin azahar ƙunshin ya zaga hannu goma sha, labari kuma ya zaga kasuwa cewa gwamnati ta aiko da sammaci ba a san na wa ba. Duk mai rigimar gona, duk mai tsohuwar shari'a, duk wanda bai yarda da kansa ba, ya ranta a na kare. Wani Wakili Tanko mai doya, da aka ce masa haruffan sun yi kama da nasa, ko takalmi bai tsaya ɗauka ba.

Sarkin tasha, wani ƙaton mutum da ake kira Ndaman, yana zaune a rumfarsa rai a ɓace, ƙunshin na kan tebur an ɗora masa dutse, jama'a sun yi da'ira daga nesa. Maiwada ya tattara abin da ya rage na rigarsa, ya ratsa, ya ce shi ne ya aiko, a ba shi kayansa.

Ndaman ya dube shi daga hula har taɓo. Ya tambayi sunansa, ya faɗa. Ya sa aka duba ƙunshin, aka ce babu Maiwada a jiki, T.A.K. aka rubuta.

"To madalla," in ji Ndaman. "Da mutum ɗaya muke nema, yanzu sun zama biyu."

Maiwada ya ce shi ne T.A.K., W.R.T. kuma abokinsa ne. Aka ce to ya kira shi. Ya ce ai ya koma Ingila. Aka ce to me ya sa ya aiko masa da takarda Kuta? Ya ce wato kafin ya koma ɗin. Aka ce yaushe ya koma? Ya ce gaskiya ma ya rasu. Ndaman ya ce Allah ya ji ƙansa in Musulmi ne, a kawo magada. Kowace amsa ya bayar sai ta ƙara ɗaure shi, jama'a na matsowa, ana ta ƙus-ƙus. Daga ƙarshe Ndaman ya ce shi ba zai karya hatimin hukuma a kan maganar mutum mai rabin riga ba. Za a kai ƙunshin ofishin 'yan sanda a kulle, in babbansu ya dawo ran Talata sai a san abin yi. Ya ɗage dutsen ya miƙa wa wani ɗan kamasho.

Talata. Jarrabawar kuwa ran Litinin ce. Irimiya ya matso kusa da kunnen Maiwada. Bai zage shi ba, da ma zagin ya yi da ya fi sauƙi.

"Akawu, yaran nan biyu ne fa."

Maiwada ya cire tabarau ya goge da gefen rigar, ya mayar. Ya ce a dakata. Ya ce babu sammaci, babu kotu, babu hukuma. Littafin makarantar yara ne a ciki, hatimin kuma maɓallin rigarsa ne. Ndaman ya ce to shi W.R.T. ɗin fa?

"Ban san shi ba. Ban taɓa ganinsa ba. Ban ma san ko mutum ba ne."

Sai wata tsohuwa mai daddawa ta fashe da dariya, kasuwa ta ɗauka. Ndaman bai yi dariya ba. Ya ce mutanensa na cikin dawa a ɓoye tun azahar, kuma da shela aka kore su, da shela za a dawo da su. Ya sa Maiwada ya maimaita wa mai shela kalma bayan kalma. Haka yana tsaye yana ji aka zaga kasuwar Kuta lungu-lungu ana kaɗa ƙarfe ana cewa kowa ya fito, babu sammaci, Malam Maiwada Akawu na Minna ya ce ƙarya ya yi, bai san Dabliyu Ar Ti ba, bai taɓa ganinsa ba. Mai shelar kuma irin masu son aikinsu ne, sai da ya yi zagaye uku.

Cikin masu kallo akwai wata Malama Lailatu, mai koyar da lissafi a sakandaren garin, ta zo sayen doya ta rasa mai sayarwa. Ita aka ba ta fasa hatimin. Jama'a suka ce sai an karanta musu wasiƙar da ta hana su ciniki, ta karanta tana juyawa da Hausa. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da tuna shayin da muka sha tare. An ambaci sunanka sau arba'in da uku a wannan littafi, amma har yau ofishinka bai ba da amsa ko ɗaya ba. Wannan sakaci bai dace da babban jami'i irinka ba. A nan Malama Lailatu ta kasa ci gaba, ta dafa tebur tana share ido da mayafi.

Da ta samu numfashi ta buɗe littafin ta nuna masa. Ta ce kalmomi uku ne na Turanci aka taƙaita don malamai na gajiya da rubuta su, ma'anarsu kawai "dangane da". Shi wannan lissafi auna yadda abu ke canzawa ake yi, to dole a faɗi dangane da me yake canzawa, kamar a ce yadda ruwan dam ke ƙaruwa dangane da kwanakin damina. Ta ce duk ɗan ajin da aka tambaya zai faɗa a numfashi ɗaya. Maiwada ya tuna Tunga, inda Barira ta so zuwa, tafiyar da ba ta fi ta shan ruwa ba. Wakili Tanko kuwa ya dawo daga dawa da ƙaya a ƙafa yana tambayar a nuna masa mai hatimin, sai da Irimiya ya shiga tsakani.

A Kuta suka kwana. Ran Lahadi suka hau saman lodin doyar Ndayako, babur ɗaure a gefe, littafin a cikin hular Maiwada don kada ya sake barin jikinsa. Motar ta tsaya ɗaukar kaya a Gwada, ta tsaya faci, ba su shiga Minna ba sai da aka yi azahar.

Barira ta karɓi littafin hannu biyu, ta duba shafukan ɗaya bayan ɗaya ta ga babu wanda ya ɓata. Ya gaya mata ma'anar haruffan yadda Malama Lailatu ta faɗa, bai ƙara ko gishiri ba. Ta ce to. Sannan ta dubi inuwar katanga, ta dubi kaurin littafin. Shafi hamsin da takwas, kwana ɗaya da rabi sun tafi a banza, Magdalene kuma na nan tafe da la'asar. Ta ce ko rabi ba za ta iya karantawa ba, balle ta kwafa, hannunta har yanzu rawa yake yi.

Maiwada ya shiga ɗaki. Ko wanka bai yi ba ya ɗauko sabon littafi da alƙalaminsa na aiki, ya zauna a tabarma ya fara kwafa. Bai san abin da yake rubutawa ba, ko alama ɗaya bai gane ba, amma kowace ƙugiya da kowane ɗan ƙaramin baƙi da ke maƙale a saman wani sai da ya ɗauko shi ya aje a mazauninsa, tsaf, ya fi na ainihin kyau. Yana gama shafi Barira na bi tana karantawa. Kyauta ta aje masa tuwo ya huce bai taɓa ba. Yatsunsa suka kumbura, wuyansa ya ƙage, bai ɗaga kai ba sai da ya ji muryar Magdalene ta katanga tana gaida mutanen gidansu.

Saura shafi goma sha tara. Kuma a daidai nan alƙalamin ya tsaya, don ga wasu sababbin haruffa uku sun fito, L.H.S. Barira ta leƙa ta ce waɗannan ma ba ta san su ba. Ta dubi ubanta, shi ma ya dube ta. Kyauta ta tsaya da tsintsiya a hannu tana jiran ta ji wane Bature ne kuma wannan.

Ya miƙe ya sa hula, ya ɗauki 'yar takarda da alƙalami ya fita.

Ƙofar gidan Irimiya cike take da 'yan unguwa, don Ndayako ya riga ya raba labarin Kuta kyauta. Suna ganinsa wani ya kwaikwayi kaɗa ƙarfen mai shela, aka kwashe da dariya. Ya ji ta har cikin ƙashinsa, amma bai tsaya ba. Ya yi sallama ya shiga, ya samu Magdalene a tsakar gida tana ɗaure jaka, Irimiya na zaune a kan turmi. Maiwada, dattijo mai furfura, ya rage tsawo a gaban yarinyar da aka haifa a kan idonsa. Ya ce abu biyu ya zo roƙo. Ta ƙara musu awa ɗaya da littafin, laifin nasa ne ba na Barira ba. Sannan ta gaya masa abin da waɗannan haruffa ke nufi, a hankali, zai rubuta.

Irimiya ya buɗe baki, tsokanar shekara arba'in na kan harshensa. Sai idonsa ya sauka a kan yatsun nan masu tawada da suka kumbura har alƙalami ba ya zama daidai a cikinsu. Ya rufe bakinsa.

Magdalene ta ce masa ɓangaren hagu na lissafin ake nufi, abin da ke hagun alamar daidai. Ya rubuta, ya karanta mata, ta ce haka ne. Ta dubi takardar, ta dube shi.

"Baba, ku tashi don Allah. Ba sai na koma makaranta yau ba. A gidanku zan kwana, mu yi bitar tare, gobe mu tafi tare."

Ta sunkuya za ta ɗauki jakarta, ya riga ta. Haka suka fito ta gaban 'yan unguwa, yarinyar na gaba, Malam Maiwada Akawu na biye da jaka a kafaɗa, kuma har suka shige gida babu wanda ya yi dariya.